Tambaya Kan Binciken Haɗin Gwiwa Tsakanin Fiziks, Injiniyanci, Sinadarai da Likitanci

Nura ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. Na kammala digiri na farko a fannin fiziks, na kuma gama bautar ƙasa, yanzu ina neman inda zan yi digiri na biyu. A cikin neman da nake yi na lura cewa jami'o'i da dama a ƙasashen waje sun kafa cibiyoyi na musamman inda masana fiziks da injiniyoyi da masana sinadarai da likitoci suke bincike tare a kan matsalolin lafiya. Jami'ar Harvard da cibiyar MIT sun buɗe irin wannan shiri tun 1970, jami'ar Stanford kuma ta kafa nata mai suna Bio-X a 1998, har ta gina masa gini na kansa a 2003 domin mutanen fannoni daban-daban su zauna wuri guda. Zuciyata ta karkata ga wannan hanya, domin ina son abin da na karanta ya amfani marar lafiya ta yadda zan gani da idona.

Sai dai wani malamina da nake girmamawa ya ja mini kunne. Ya ce wanda ya bi wannan hanya yakan fito kamar jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, domin sashen fiziks zai ce aikinsa na asibiti ne, asibiti kuma zai ce ai shi ba likita ba ne. Ya ƙara da cewa sau da yawa haɗin gwiwar a kan takardar neman kuɗin bincike kawai take, da zarar kuɗi sun fito kowa sai ya koma sashensa ya ci gaba da abin da ya saba.

Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ina so in sani ko da gaske akwai ilimin da ba zai taɓa fitowa daga fanni ɗaya ba sai an haɗa waɗannan huɗun, da yadda haɗuwar take gudana a aikace, da kuma ko dabara ce ga mutumin da niyyarsa ita ce ya dawo gida ya yi aiki. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa da alheri.

Malam Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Ni fiziks nake koyarwa, kuma zan amsa kashin farko na tambayarka da tarihin na'ura guda ɗaya, wato MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, domin a ganina ita ce ta fi nuna yadda fannonin nan suka jingina da juna.

A 1946 Felix Bloch a Stanford da Edward Purcell a Harvard, kowa da tawagarsa, suka nuna cewa idan aka sa abu mai ɗauke da haidirojin a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, cibiyoyin ƙwayoyin zarrar haidirojin ɗin suna amsa igiyar rediyo ta wani zango takamaimai, kuma zangon yana hawa daidai da hawan ƙarfin maganaɗisun. Wannan ya ba su kyautar Nobel ta fiziks a 1952, amma babu ɗayansu da asibiti yake gabansa, su dai burinsu auna halayen cibiyar ƙwayar zarra. Wajejen 1950 aka lura cewa zangon yana ɗan gocewa gwargwadon irin sinadarin da haidirojin ɗin yake zaune a ciki. Ga mai fiziks wannan gocewa cikas ce ga ma'auninsa, amma ga mai sinadarai hanya ce ta gane yadda aka jera ƙwayoyin zarra a cikin sinadari ba tare da ya lalata shi ba. Saboda haka kusan shekara ashirin na'urar ta fi zama a sassan sinadarai, kuma a can ne ta girma. Richard Ernst, masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, shi da Weston Anderson suka nuna a 1966 cewa maimakon a bi zango ɗaya bayan ɗaya a hankali, ana iya aika bugun rediyo gajere guda ɗaya, a naɗi dukkan amsar, sannan a rarrabe ta zango-zango da wani lissafi da ake kira na Fourier. Ernst ya karɓi Nobel ta sinadarai a 1991.

Likitanci ya shigo labarin da ƙarfi a 1971, lokacin da likita Raymond Damadian a birnin New York ya wallafa cewa amsar da naman ƙari na ɓera yake bayarwa ta fi ta lafiyayyen nama daɗewa kafin ta gushe. Wannan ya nuna akwai abin da likita zai amfana da shi, amma har lokacin babu hoto, domin amsar tana fitowa ne a dunƙule daga dukkan abin da aka sa a cikin na'urar, ba a san wane ɓangare ne ya ba da me ba. Paul Lauterbur, masanin sinadarai a jami'ar Stony Brook, shi ya warware wannan da dabarar da ta saɓa wa abin da kowa yake ƙoƙarin yi a lokacin. Masu sinadarai suna fama ne su daidaita ƙarfin maganaɗisu ya zama ɗaya a ko'ina, shi kuwa da gangan ya sa ya fi ƙarfi a gefe ɗaya ya ragu a ɗaya gefen, ta yadda kowane wuri zai amsa da zangonsa na daban, sai zangon ya bayyana inda amsar ta fito. Ya wallafa hoton ƙananan bututu biyu na ruwa a mujallar Nature a 1973, bayan mujallar ta fara ƙin karɓar aikin. Peter Mansfield, masanin fiziks a jami'ar Nottingham ta Ingila, ya kawo hanyar zaɓen yanki guda na jiki da kuma hanyar ɗaukar hoto cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Lauterbur da Mansfield aka ba Nobel ta likitanci a 2003 alhali babu likita a cikinsu, shi kuwa Damadian da aka bari ya fito fili a jaridu ya nuna rashin amincewarsa, wanda ke nuna maka cewa rabon yabo a aikin tarayya ba ya zuwa da sauƙi.

Wurin da nake so ka fi lura da shi shi ne Aberdeen ta Sikotilan. A can sashen fiziks na likitanci ƙarƙashin John Mallard ya ƙera na'urarsa da hannunsa, kuma a watan Agusta na 1980 suka ɗauki hoton wani marar lafiya mai ciwon daji, hoton ya nuna ƙari a ƙirjinsa da matsala a hantarsa da yaɗuwar ciwon zuwa ƙashi. Sashen nasu yana harabar da asibitin koyarwa yake, shi ya sa likitan da zai karanta hoton da mutumin da ya naɗe wayar maganaɗisun suna iya tsayawa a gaban hoto guda su yi gardama a kansa a ranar da aka ɗauke shi.

Bayan nan sai nauyi ya koma kan injiniyoyi. Na'urar da aka fi samu a manyan asibitoci yau tana da ƙarfin tesla 1.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kimanin ninki 30,000 na maganaɗisun duniya, kuma ana samun wannan ƙarfi ne da waya da ake sanyayawa da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, inda wutar lantarki ke gudana a cikinta ba tare da turjiya ba, yanayin da Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden tun 1911. A wannan ƙarfi haidirojin yana amsawa a kusan megahaz 64, kusa da zangon gidajen rediyon FM, shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakin da jan ƙarfe don kada igiyoyin waje su gurɓata hoton. Sannan sinadarai suka sake dawowa: ƙarfen gadoliniyam yana haskaka ƙari a hoto amma guba ne idan yana sake a jini, sai da masana a kamfanin Schering na Jamus suka kewaye shi da wani sinadari mai riƙe shi gam har ƙoda ta fitar da shi, aka fara amfani da shi a 1988.

Hukuncina shi ne malaminka yana da rabin gaskiya. Babu ɗaya daga cikin mutanen da na ambata da ya tsinci kaɗan a nan kaɗan a can. Kowannensu ya nutse a fanninsa, kuma zurfin nasa ne ya sa sauran suka buƙace shi. Amma daga 1946 zuwa 1980 shekara 34 ce, kuma da yawa daga cikin shekarun nan sun tafi ne saboda mai amsa yana wani gari, mai tambaya yana wani. Cibiyoyin da ka ambata an kafa su ne don a rage wannan jinkiri.

Dakta Hadiza ta amsa:

Na gode wa Malam Bashir da wannan bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ƙari a kai daga ɓangarenmu na masu duba yara. Idan aka bi tarihi ta jerin waɗanda suka ci Nobel, mai karatu zai iya ɗauka cewa ilimi kullum daga ɗakin gwaje-gwaje yake gangarowa zuwa gadon asibiti. Sau da yawa tambayar ce take hawa daga gadon asibiti zuwa ɗakin gwaje-gwaje, kuma cutar sikila, wadda babu gidan da bai san wani mai ita ba a ƙasar Hausa, ita ce shaidata.

Likita ne, James Herrick na Chicago, ya fara bayyana a rubuce a 1910 cewa jajayen ƙwayoyin jinin wani marar lafiya sun lanƙwashe. Likita ne kuma, William Castle, ya gaya wa masanin sinadarai Linus Pauling a 1945 cewa ƙwayoyin suna lanƙwashewa ne idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, Pauling ya yi hasashen cewa matsalar tana cikin furotin ɗin himogulobin ne, wanda yake ɗaukar oksijin a cikin jini. Wanda ya yi gwajin a jami'ar Caltech ta Amurka shi ne Harvey Itano, likita ne da ya koma karatun digiri na uku a sinadarai, wato irin mutumin da aka tsoratar da kai kada ka zama. A 1949 suka nuna cewa idan aka ratsa wutar lantarki ta cikin ruwan da ke ɗauke da himogulobin, na mai sikila yana tafiya daban da na mai lafiya. Gwajin jinsin jini da aka saba yi wa masu shirin aure a yau, wanda ake ce wa wannan AA ne wancan AS ne, daga wannan gwaji ya samo asali. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin ƙwayar amino guda ɗaya ce tak, ta shida a sarƙar beta ta himogulobin mai ƙwayoyi 146, kuma ya yi aikin ne a ɗakin gwaje-gwajen Cavendish na Cambridge, wanda asalinsa na fiziks ne, kusa da Max Perutz da yake amfani da hasken eksire wajen gano surar himogulobin.

Abin da ya fi taɓa aikina na yau da kullum shi ne shanyewar ɓarin jiki a yara masu sikila. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara, kuma wasu daga cikinsu jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwarsu suna tsukewa tun suna ƙanana. Idan jijiya ta tsuke jini yakan ƙara gudu a wurin, wannan kuwa doka ce ta fiziks da kai ka fi ni sani. A 1982 Rune Aaslid, ɗan ƙasar Norway, ya nuna cewa ana iya aika sautin sikanin ta wurin da ƙashin kai ya fi siranta, a gefen kunne, a auna gudun jinin daga yadda zangon sautin ya sauya da ya dawo, bisa ƙa'idar Doppler. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yaran da gudun jininsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa suna cikin babban haɗari, kuma yi musu ƙarin jini a kai a kai yana rage aukuwar shanyewar da kusan kashi 90 cikin ɗari.

To amma ƙarin jini duk wata ga dubban yara abu ne da asibitocinmu da iyayen yaran ba za su iya ɗauka ba. Daga wannan gaskiya ta gida aka sami sabuwar tambaya, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt suka gwada ba wa irin waɗannan yara maganin haidiroksiyuriya da ake sha ta baki bayan an tantance su da wannan sikanin, sakamakon kuma ya nuna hanya ce mai kare yara a inda jini ke wuyar samu. Haka nan wata ƙaramar na'urar gwajin jinsin jini da injiniyoyin jami'ar Case Western Reserve suka ƙera, wadda ta ƙanƙantar da dabarar Itano zuwa abin da ake ɗauka a hannu, a Kano aka gwada ta a kan yara. Ina kawo waɗannan ne don ka ga cewa dawowa gida ba yana nufin barin irin wannan bincike ba, domin marasa lafiyar da tambayoyin suna nan.

Shawarata gare ka, ƙanena, duk cibiyar da za ka nema ka bincika ko ɗalibanta suna shiga ɗakin marasa lafiya. Na ga masu ilimi sun kawo mana na'ura mai kyau a takarda wadda take buƙatar yaro ɗan shekara uku ya kwanta ba motsi na tsawon minti ashirin, abin da duk ma'aikaciyar jinya za ta gaya maka tun ranar farko cewa ba zai yiwu ba.

Injiniya Sani ya amsa:

Ni aikina gyara da kula da na'urorin asibiti, kuma zan goyi bayan malamin Malam Nura fiye da yadda waɗanda suka gabace ni suka yi, domin abin da ya faɗa yana faruwa. A jami'o'inmu ƙarin girma ta hannun sashe yake zuwa, kuma kwamitin da ke auna malami yakan tambayi ko mujallar da ya wallafa a ciki ta fanninsa ce, da kuma sunansa na nawa ne a jerin marubuta. Aikin da mutum goma daga tsangaya huɗu suka yi yakan zo wa kowannensu da maki kaɗan, ɗalibin da malamai biyu daga sassa biyu suke duba aikinsa kuwa yakan sha jira idan ra'ayinsu ya saɓa. Wannan matsala ce ta tsarin gudanarwa, ana iya gyara ta, amma wanda zai shiga ya kamata ya san da ita.

Duk da haka, rashin haɗin gwiwar ya fi tsada, kuma ni ne nake ganin kuɗin da ake biya. Na taɓa tsayawa a gaban na'urar ɗaukar hoto da aka saya da kuɗi masu yawa a wani asibiti, ta yi watanni a rufe, saboda lokacin sayenta ba a zauna da injiniya an tambaye shi yanayin wutar wurin da sanyaya ɗakin da inda za a samo kayan gyara ba. Maganaɗisun da Malam Bashir ya bayyana yana buƙatar injin sanyaya da ba ya tsayawa dare da rana. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, janareta kuma bai karɓa ba, hiliyam ɗin yakan ƙafe ya tsere, sake cika shi kuwa sai an yi odarsa daga waje.

Saboda haka binciken da ya fi burge ni shi ne wanda ya fara daga wannan yanayi. A jami'ar kimiyya da fasaha ta Mbarara a Yuganda, injiniya Johnes Obungoloch da abokan aikinsa na asibitin jami'ar Leiden ta Holan, ƙarƙashin Andrew Webb, sun harhaɗa na'urar MRI mai ƙarfin kusan tesla 0.05, wadda aka yi da ɗimbin ƙananan maganaɗisu na dindindin da aka jera a zobe-zobe, ba ta buƙatar hiliyam ko kaɗan. Hotonta bai kai na babbar na'ura kyau ba, amma tambayar da likitocin ƙwaƙwalwa suka kawo ita ce ta jarirai masu taruwar ruwa a kai, kuma ganin inda ruwa ya taru ba ya buƙatar hoto mai tsananin kaifi. Ku lura cewa na'urar Aberdeen ta 1980 ƙarfinta tesla 0.04 ne, wato an koma ƙarfin da aka fara da shi, amma da kwamfuta da lissafin zamani. Injiniya shi kaɗai ba zai san cewa hoto mai rauni ya wadatar ba sai likita ya gaya masa, likita kuma ba zai san ana iya rabuwa da hiliyam ba sai mai fiziks ya lissafa masa.

Akwai kuma ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa don auna oksijin, wadda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana aiki ne da haske iri biyu da suke ratsa fata. A 2020 likitocin jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar tana kasa nuna ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a fararen fata. Mu da kusan duk marasa lafiyarmu baƙaƙe ne, wannan aiki ne da ke jiran mai fiziks da ya san haske, da injiniya, da likitan da zai ɗebi jinin kwatantawa, kuma ba ya buƙatar ginin biliyoyi.

Nura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Bashir, Dakta da Injiniya, kun buɗe mini ido. Abin da ya rage mini shi ne yadda mutum zai nutse a fanninsa kamar yadda Malam Bashir ya ce, kuma a lokaci guda ya koyi abin da zai fahimci likita da mai sinadarai. Shin sai na koma na karanta waɗannan fannoni daga tushe?

Malama Zainab ta amsa:

Ba sai ka koma tushe ba, Malam Nura, amma dole ka san iyakar da kowane fanni yake gindaya wa aikinka, kuma zan nuna maka abin da nake nufi daga fannina na sinadarai masu fitar da tururin nukiliya.

Tun shekarun 1920 Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar sukari fiye da sauran ƙwayoyin jiki. A ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka, masana sinadarai irin su Tatsuo Ido da Alfred Wolf da Joanna Fowler suka ƙera wani sukari da aka maƙala masa fulorin-18, wanda ƙwayar jiki take haɗiyewa amma ta kasa ƙone shi, sai ya taru a inda ake yawan cin sukari, na'urar ɗaukar hoto mai suna PET kuma ta gano wurin daga hasken da yake fitarwa. An fara ba wa mutum shi a jami'ar Pennsylvania a 1976. Abin lura shi ne rabin fulorin-18 yana lalacewa a duk minti 110, bayan awa shida kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya rage. Wannan lamba guda ta mai fiziks ita take yanke wa kowa hukunci: ni dole in gama haɗa sinadarin da tace shi da gwada tsabtarsa cikin ɗan lokaci, injiniya dole ya ƙera na'urar da za ta yi haɗin a bayan katangar dalma ba tare da hannu ya taɓa ba, likita dole ya jera marasa lafiya daidai da lokacin isowar allurar, hukumar asibiti kuma dole ta san cewa sayen na'urar PET ba tare da injin saikulotiron mai samar da fulorin-18 a kusa ba asarar kuɗi ce. Shi kuwa teknishiyam-99m, wanda aka fi amfani da shi a hoton ƙashi da zuciya da ƙoda, rabinsa yana lalacewa a awa shida, amma ana tatso shi ne daga molibdinam-99 mai awa 66, shi ya sa ake iya ɗauko shi a jirgi daga wurare irin tukunyar nukiliya ta SAFARI-1 a Afirka ta Kudu a yi mako ana amfani da shi. Ni ban iya lissafin da kake yi ba, amma na san waɗannan lambobi da abin da suke hana ni, kuma irin wannan sani nake so ka nema game da sinadarai da jikin ɗan Adam. Mai fiziks da ya san dalilin da ya sa ba a gaggawar ba mai ciwon ƙoda allurar gadoliniyam ya riga ya zama abokin aikin da likita zai saurara.

Game da gida, akwai tushen da za a ɗora a kai. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, mai ƙarfin kusan kilowat 30, wadda ake amfani da ita wajen gano ƙananan sinadarai a ƙasa da abinci da sauran samfura. Ka kuma tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Na'urar hannu mai harba eksire ce ta nuna yawan dalmar a ƙasar tsakar gida, maganin da aka ba yaran yana aiki ne da irin dabarar riƙe ƙarfe da Malam Bashir ya ambata, kuma likitocin sun tsaya a kan cewa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar an zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da ya koma gida mai dalma zai sake kamuwa.

A aikace, hanyar da ta fi dacewa da mai digiri irin naka ita ce fiziks na likitanci, domin tana da suna da gurbi a asibiti, musamman a sashen gashin ciwon daji, inda mai wannan ilimi ne yake auna ƙarfin hasken da na'ura take fitarwa ya kuma tsara yadda zai sauka a kan ƙari ba tare da ya ƙone lafiyayyen nama ba. Jami'ar Gana tana koyar da shi a makarantarta ta kimiyyar nukiliya da ta kafa tare da hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar, cibiyar nazarin fiziks ta duniya, ICTP, da ke Trieste a Italiya kuma tana da shirin shekara biyu da aka tsara musamman don ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa, wanda shekararsa ta biyu gaba ɗaya a asibiti ake yin ta. Kafin ka cike takardar kowace cibiya, ka nemo ayyuka biyar ko shida da ta wallafa a shekarun baya-bayan nan, ka duba ko sunayen mutanen tsangayoyi daban-daban suna fitowa tare a kan aiki guda, sannan ka rubuta wa ɗaya daga cikin ɗalibanta ka tambaye shi wane sashe ne yake sa hannu a kan digirinsa da kuma wanda yake yanke hukunci idan masu duba aikinsa biyu suka saɓa.